Injin Layi Uku a Gidan Layi Ɗaya

Duk wanda ya sayo injin niƙa mai moton lantarki daga Kano, ya girke shi a zauren gidansa a Yalwawa ta Dutse, ya kunna ya ji yana gurnani amma bai juya ba, ya kwantar da hankalinsa. Ba sammu ba ne, ba kuma baƙin cikin maƙwabta ba. A jikin moton akwai ɗan farantin ƙarfe da aka rubuta wa 400V, kuma injin da gaske yake. Wutar da kamfanin KEDCO ke kai wa yawancin gidaje layi ɗaya ce, balt 230. Shi kuwa layi uku yake ci.

Abin kamar lugude ne. Mata uku kan turmi ɗaya, wannan na ɗaga taɓarya waccan na saukewa, bugu ba ya yankewa. Haka layukan uku ke karɓeɓeniya wajen tura moto, kowanne ya cika zagayensa sau 50 a daƙiƙa, har maganaɗisun ciki ya riƙa kewayawa yana jan ƙarfen tsakiya. Tun 1889 wani injiniya mai suna Dolivo-Dobrovolsky ya ƙera irin wannan moto a Jamus, kuma har yau bai canza hali ba. Layi ɗaya gaba da baya kawai yake turawa, moton ya rasa ta inda zai fara, sai ya tsaya yana ɗaukar zafi. Akwai masu raba waya ɗaya gida uku su ɗaura a kai. Waya ɗaya ko an raba ta goma, layi ɗaya ce. Akwai kuma masu fizgar bel da hannu don ya tashi. Yakan tashi, wani lokaci har da yatsa. Don Allah a daina.

Hanya mafi arha ta tayar da shi a layi ɗaya ita ce kafasita, babbar yayar wadda ke cikin fanka, wajen maikurofarad 70 ga kowane kilowat. Tana ƙago layi na uku na wucin gadi. Injin zai juya, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi, kuma in an riga an zuba masara ba zai tashi ba, sai an kwashe.

Wadda ta fi tsafta ita ce na'urar VFD, mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku, ta kuma tayar da moto a hankali. Sai dai balt 230 take fitarwa. Dole mai gyara ya buɗe akwatin moton, inda kusoshi shida suke, ya mayar da haɗin daga sita zuwa delta. Wannan na yiwuwa ne in farantin ya ce 230/400. In 400/690 ya ce, a rufe akwatin. VFD irin na kasuwa kuma galibi a doki uku suke tsayawa, wato kilowat 2.2.

A nan ne lissafi ke ɓata wa mutane rai. Moto mai ƙarfin doki goma zai nemi fiye da amfiya 40 daga layi ɗaya. Filogin gida amfiya 13 yake ɗauka. Wanda ya matsa masa, wayar bango za ta narke, ƙwan lantarkin maƙwabci ya dushe, kuma ɗakin da yara ke kwana yana jikin bangon nan.

Mai babban inji zaɓinsa biyu ne: ya nemi a ja masa layi uku da mitarsa bisa ƙa'ida, ko ya sauke moton ya ɗaura injin gas da bel, yadda masu niƙa da yawa a Dutse suka yi. Wanda ya samu layi ukun ma ya sa na'urar da ke kashe injin in layi ɗaya ya ɗauke. A gida in layi ya tafi, sai a zare fis a koma mai wuta. Moto ba ya haka. Zai ci gaba da niƙa kan layi biyu har koyil ya ƙone, kuma mai naɗin koyil da tsadar wayar tagulla yake yanka kuɗinsa.