'Yancin kasuwa a majalisar 'yan zuwa-zuwa

Babu wanda ya kai mai sayar da zuwa-zuwa (man fetur ɗin jarka da ake shigowa da shi daga Najeriya) a Garwa imani da cewa ya kamata gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa. Bai taɓa jin sunan masanin tattalin arziki Hayek ba, amma in ya fara wa'azi a kan kwastan da haraji da shingen jandarma, sai ka rantse a jami'ar Amurka ya yi karatu. Dokar majalisarsu ɗaya ce: kowa ya sayar da abin da yake so, kowa ya faɗi abin da ke ransa.

Sai baƙo ya zauna, irin malamin makarantar nan mai son lissafi, ya tuna musu cewa arhar man da suka daɗe suna cin ribarta tallafin gwamnatin Najeriya ce, shi ya sa da Shugaba Tinubu ya janye tallafin ranar 29 ga Mayu 2023, jarka ta yi tsada har nan bakin Binuwai.

Ba mai korarsa, ai akwai 'yanci. Shayi dai zai riƙa tsallake shi. In an lura Hausa kaɗai yake ji, hira ta koma Fulatanci. Can wani dattijo ya dube shi: "Malam, ashe albashi kake ci?" Kafin la'asar an amince baki ɗaya cewa bencin na mutum biyar ne, shi kuwa na shida.