Dara Ba Ta Da Labule

A Amurka, tun 1974 ake wani wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons. Mutum guda ne ke jan labarin, shi ne kuma alƙali, yana jefa ƙwaya irin ta ludo a bayan ɗan labule. Har yau masu wasan na gardama: ya halatta ya ɓoye abin da ƙwayar ta nuna don labari ya yi armashi?

Da sun zo Birnin Malam, da an raba musu gardama a gindin bishiya. Dara ba ta da labule. Gurabe 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan kara, wancan tsakuwa. Ka jera uku ka ci ɗaya, huɗu ba ci ba ne, kuma ba a jera uku lokacin zubi.

Amma bari a kira la'asar. Mutum ya tashi alwala, ya dawo ya tarar ɗansa ya yi tattaki shi kaɗai. Abokin wasa ya rantse iska ce. Iskar da ta san gurbin da za ta ajiye tsakuwa! Nan take kowa ya zama shaida, har wanda yanzu ya sauko daga motar kasuwar Jega.

Malam, in an ci ka, share gurabe a sake zubi. In kuwa ka nace sai maguɗi, to ka sani masu ɗorin Aliero sun ƙware a ƙashi, amma ba sa ɗora mutunci.