Yadda Ake Ƙanƙarar Tsamiya Ba Tare da An Ɓata da Maƙwabta Ba

Uwargida, kafin ki taɓa tsamiya ki fara gyara tsakaninki da maƙwabciyar nan mai firiza mai sola. In akwai wata 'yar tsama tun bikin bara, aika mata da ƙosai, ki tambayi jikin surukarta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40 a ƙasar Gwarzo da Kabo, ita ce hukuma a Sabon Birni. Wutar gari kuwa baƙuwa ce: in ta zo a yi mata maraba, amma ba a ɗora girki dominta.

To, sai tsamiya. Ki sa a zaɓo miki mai nama a kasuwar Gwarzo, ba wadda ta shekara a buhu ta koma ƙwallo da jijiya ba. Ki wanke, ki jiƙa a tafasasshen ruwan da ya fara hucewa kamar awa 1, ki murje da hannu, ki tace da rariya. Sake tacewa da ƙyalle mai tsabta, don tsamiyar kasuwa ba ta rabo da yashi, kuma haƙorin maigida ne ke fara gano shi. Citta da kanumfari kaɗan sun isa. Tunda lokacin mangwaro ne, matse nunannu biyar ki zuba. Shi ke ba ta kauri da launi. Wanda ya dawo daga kasuwar 'Yan Lemo ta Kano da abarba, a markaɗa ta, a yi masa addu'a. Kanwa kuma a bar ta a kicin. Tana kashe tsami, kuma tsamin muka zo nema.

Wajen sukari ake yin ɓarna. Sanyi yana dakushe harshe, saboda haka ruwan da ya yi miki daidai a kofi zai yi salam bayan ya daskare. Ki ɗan zarce kaɗan. Amma fa kaɗan na ce! Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, sukari kuwa jinkirta shi yake yi. In kika sake hannu, ledojinki za su kwana biyu a firizar mutane suna lagwab-lagwab, Hajiya mai firizar tana tsaki tana tura su gefe don ta sa kifinta.

Ƙulla a ƙananan ledoji, sun fi saurin kamawa. Kada ki cika su fal, domin ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara. Leda ɗaya ta fashe a kan naman Hajiya, ƙosan da kika aika ya tashi a banza.

Ki ƙirga su a gabanta da murya mai daɗi. In kin kai 30 aka dawo da 26, kada ki ce uffan, kuɗin fito ne. Ɗan aike kuma ki zaɓi mai fama da ciwon haƙori.

Wadda ta narke ta wuni a zafi ba a mayar da ita firiza, zubarwa ake yi. Yara kuma leda bibbiyu ta ishe su, don tsamiya tana sakin ciki, kuma ke za ki yi ta riƙe fitila a ƙofar bayi da tsakar dare. Maigida zai ce wannan ai abin yara ne. Ki ware masa uku, ki kau da kai.

Bayan an gama tsotsa, don Allah a tattara ledojin kafin akuya ta riga ku, domin leda tana toshe cikin dabba har ta kashe ta.