Mutanen da Matakin Babur Yake Tarawa

Duk jikin babur babu abin da aka raina kamar ɗan ƙarfen nan da ake ɗora ƙafa a kai. Mai saye zai tayar da inji ya saurari kukansa, ya latsa taya, ya tambayi yadda yake shan mai, amma ban taɓa ganin wanda ya tsuguna ya duba mataki ba. Sai an yi wata guda ana hawa, gwiwa ta fara ƙorafi, ƙugu ya amsa mata, sannan a tuna da shi. Da yake ni ma'abocin zama ne a rumfar wani bakanike da ke jingine da ta mai walda a bakin kasuwarmu, na ga iri-irin bayin Allah da wannan ƙarfe yake kawowa.

Mai sammakon cikinsu shi ne Dogo. Masu ƙera Bajaj a Indiya da masu ƙera Jincheng a ƙasar Sin sun yi awonsu da matsakaicin mutum, ba su san da zamansa a duniya ba. In ya hau, gwiwoyinsa sai su taso su sa tanki a tsakiya, ka rantse fara ce ta sauka a kan kara. Zai ce, "Oga, a ɗan sauke min shi ƙasa kaɗan." To, a irin baburanmu matakin gaba ba shi da wurin matsarwa. Sanda guda ce da aka ɗaure a ƙarƙashin inji, don haka gyaranta sai da wuta. Mai walda ya yanka, ya ƙara ƙarfe kamar faɗin yatsa biyu, ya liƙe. Dogo ya tafi yana sa albarka. Kwanar farko da ya kwanta, mataki ya karci kwalta har da tartsatsi. Washegari ga shi ya dawo: "A ɗan ɗaga shi sama kaɗan." Wannan kalma ta "kaɗan" ita ke cefanen gidan mai walda.

Gajere kuwa ciwonsa daban, maganin da yake nema daban. A kan tafiya lafiya lau yake, tsayuwa ce ba ya so. Tun daga nesa yake laluben bakin kwalbati ko wani dutse da zai dafa da babban yatsa. Bakanike ya gaya masa gaskiya cewa mataki ba shi da laifi, soson kujera za a rage. Sai ya ɓata rai, wai shi tsawonsa ya ishe shi, babur ɗin ne aka yi ba daidai ba.

Wanda ya fi cin ran rumfar shi ne Masani. Ba ya taɓa sifana, hannayensa a baya suke, amma shi ke ba da umarni. Ya ga masu tseren Turai a waya sun tanƙwashe ƙafafu can baya, shi ma haka yake so. Bakanike ya ce masa, "Yallaɓai, in aka matsar da mataki, sai an bi giya da birki an daidaita su." Ya ce a'a, abin da ya ce a yi shi za a yi, ai ba a kansa aka fara hawa babur ba. Alhali maganar bakanike ita ce karatun gaba ɗaya. Ƙafar hagu tana aiki da giya, ta dama tana aiki da birkin baya, kuma dukansu daga kan mataki suke kai hannu, in dai ƙafa tana da hannu. Ƙarfen giya yana zaune ne a kan wasu 'yan haƙora. A sassauta noti guda, a zare shi, a mayar da shi gaba ko baya da haƙori ɗaya, shi ke nan ya bi ƙafa. Birki kuma akwai notinsa a ƙarshen sandar da ta tafi tayar baya, ana ɗaurewa ko a sassauta har ya kama a inda ya dace. Aikin minti goma ne. Masani ya ƙi. Ya hau, ya ba shi wuta, ya iso gaban mai lemo ya kai ƙafa inda yake zaton birki yake, ya taka iska. Da aka tsince shi daga cikin lemo, abin da ya fara cewa shi ne bakaniken nan bai san aiki ba.

Akwai kuma Malam Na-Saba. Shi ya faɗi da babur tun damina biyu da suka wuce, matakin hagu ya lanƙwashe ya kalli sama, robarsa ta fita, ya naɗe wurin da tsohon tib. Ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, haka yake zuwa ko'ina, har tafiyarsa ta ƙasa ta fara karkata. In ka ce ya kawo a buga masa guduma biyu, sai ya ce, "Bar shi kawai, na saba." Iska kaɗai yake zuwa sha, ita ma sai taya ta kwanta.

Mai lodi ba ya ma kallon mataki a matsayin wurin ƙafa. Wurin ɗaure igiya ne. Ranar kasuwa za ka gan shi da buhun masara biyu a baya, ɗaya a kan tanki, akuya a gicciye tana kallon duniya, shi kuma ya maƙale a ɗan abin da ya rage, ƙafafu na reto kamar na yaro a kan jaki. Tambaye shi yadda yake canja giya, ya ce tun gida ya sa ta.

Samarin biki ba zan daɗe a kansu ba, don su ma ba sa daɗewa a kan kujera. Ƙafa a matakin baya, ƙirji a tanki, wani ma a tsaye. Masu ɗori sun san su da suna.

Sai masu hawa baya, waɗanda ba su da ta cewa a gyara amma su ke shan sakamakonsa. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 mutanen birni suka koma Adaidaita Sahu, wasu har sun manta yadda ake hawa. Amma a ƙauyuka da garuruwa da yawa, da can Maraɗi da Damagaram inda ake ce musu kabu-kabu, goyo yana nan daram. Ka ga Alhaji da babbar riga ya tattare ta a cinya, ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya haye, sannan ya shiga lalube da dunduniya. Matakin baya naɗewa yake yi, ɗan acaɓa kuma bai buɗe ba, ko ma ya karye tun bara. Alhaji ya yi ta shafa iska yana cewa, "Yaro, ina abin yake?" Yaro ya ce, "Baba, yana nan, ka ƙara yin baya." A bayan nan kuwa salansa ce ke jira, ta sha tafiya tun asuba.

Hajiya tata fargabar ba ta zafi ba ce, ta leshi ce da bakin hijabi. Hannu ɗaya a kariya, ɗaya ya dunƙule mayafi, tana salati tana leƙen sarƙa. Tana da gaskiya, domin sarƙa in ta kama tufa ba ta saki sai ta kayar da mai ita. A Indiya saboda matansu masu sari har wata raga ta ƙarfe ake sa wa babur a gefen tayar baya. Mu a nan addu'a ce ragar.

Na ƙarshe shi ne fasinja na biyu a goyon mutum biyu. Mataki ƙafa huɗu aka yi wa, ga ƙafa shida. Na tsakiya sai ya ɗora nasa a kan na direba, ko su yi ta rabon mataki da na baya, wannan dunduniya, wancan yatsu, ba wanda ya san wani amma kafin a isa sun zama 'yan uwa.

Kada a ce na ware kaina. Ni ne Alhajin nan, sai dai ba ni da babbar rigar. Ranar wata Juma'a na sauko ta dama cikin gaggawa, ƙwaurina ya gaisa da salansa, tabon yana nan kamar murfin kwalba. Bakanike da ya gani bai ko yi min sannu ba, cewa ya yi duk mai hawa babur yana da irinsa, nawa ne ya makara. Don haka, mai karatu, in za ka hau bayan wani, duba matakin da idonka kafin ka ɗaga ƙafa, kuma ka hau ta hagu ka sauka ta hagu.