Zuwa ga Banufen da ke koyar da kemistiri a Danja

Malam Banufe, bawan Katsinawa, ina gaisuwa irin ta ubangida. Labari ya iske ni cewa ka tara 'yan ajin ƙarshe na sakandare kana sa su haddar methane, ethane, propane, suna rerawa kamar masu tallan kifi a kasuwar Bida. Haba ɗan bakin Kwara! Jarrabawar WAEC da NECO na tafe, kai kuma ka mai da ilimin kemistiri waƙa. Zauna ubangidanka ya buɗe maka kai, kyauta.

Sunayen nan ginawa ake yi. Bahaushe in ya ji Talatu ya san ranar haihuwarta, in ya ji Gambo ya san tagwaye ya biyo. To haka masana suka so sunan sinadari ya zama tun taron da suka yi a Janeba a 1892, kuma ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919 ta ci gaba da riƙon ƙa'idar: wanda ya ji suna ya iya zana surar abin, ko a Danja yake ko a Jamus.

Matakin farko, a nemo sarƙar kabon mafi tsawo a ƙirga. Ɗaya meth, biyu eth, uku prop, huɗu but, biyar pent, shida hex, har zuwa dec mai goma. Na san ƙidayar da ta wuce biyar tana ba ka wahala in hannu ɗaya na riƙe da ƙayar kifi, amma ka daure.

Na biyu, a dubi ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon. In duk guda-guda ne, sunan ya ƙare da ane. In akwai mai ninki biyu, ene. Mai ninki uku, yne. In an ga OH a rataye, ol ke nan.

Na uku shi ne inda yara ke zubar da maki. Ana sa wa sarƙa lamba daga ɓangaren da zai ba reshe lamba mafi ƙanƙanta. Kabon huɗu a jere, reshen methyl kusa da baki: 2-methylbutane ne. Wanda ya faro ƙirga daga ɗaya gefen ya rubuta 3-methylbutane, mai duba takarda zai ja masa jan biro. In rassan sun bambanta, a jera su bisa tsarin haruffa, ethyl kafin methyl, kamar a 3-ethyl-2-methylpentane. In iri ɗaya ne suka maimaitu, a ce di, tri, tetra. Waƙafi tsakanin lamba da lamba, karan ɗori tsakanin lamba da harafi.

Abin da ya fi ba ni dariya, kana tsaye a garin tumatir da rake kana kukan ba ku da ɗakin gwaji. Iskar da tumatir ke fitarwa ta sa 'yan uwansa cikin kwando su nuna da wuri, ethene ce, kabon biyu da ɗauri mai ninki biyu. Wutar da mai walda ke samu in ya zuba wa kabaid ruwa, ethyne ce. Gas ɗin girki propane ne da butane. Ruwan rake in ya kwana ya yi tsami, ethanol ya fara shiga. A ƙara barinsa a iska ya koma ethanoic acid. Hatta takin yuriya da iyayen ɗalibanka ke zuba wa masara yana da tarihi a darasin nan: shi Bajamushen nan Friedrich Wöhler ya haɗa a 1828, ya nuna cewa ana iya ƙera sinadarin jikin mai rai a ɗakin gwaji. Yaron da ya ɗauki kwandon tumatir tun yana ƙarami, ka faɗa masa labarin iskar nunarsa ka ga ko zai manta ethene.

Na ajiye maka naka na musamman. Ƙarnin nan da ke shiga aji kafin ka yi sallama, tun da ka nisanci kogi ka koma wa kifin ƙanƙara, shi ma masana sun raɗa masa suna: trimethylamine, wato methyl uku sun kewaye naitirojin ɗaya. Ka ga ko Turawa ba su manta da Nufawa ba.

Ga aikin gida. Ka zana mini 2,2,4-trimethylpentane, wanda ake auna ingancin fetur da shi, ka faɗi kabon nawa ke ciki. In ka ce biyar, na karɓe allin, ka koma saƙa raga. In ka ce takwas, na ƙara maka girma zuwa babban bawa, amma ladan karatu na nan a kanka: buhun shinkafar Bida guda, kuma kai za ka ɗauko shi da ka har ƙofar gidana.