An Yafe Mana Harajin da Ba Mu Taɓa Biya Ba

Mu mutanen Mubi akwai mu da son labarin rangwame. Da aka ce daga 1 ga Janairun 2026 duk wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira 800,000 ba an ɗauke masa harajin kuɗin shiga, sai majalisun shayi suka ɗauka, daga Lokuwa har Shuwari. Mai faci ya yi hamdala, mai tura ruwa ya yi hamdala, mai rake ma ya ce Allah ya saka da alheri. Ba wanda ya juya ya tambayi na kusa da shi: to kai da ma yaushe ka taɓa biya?

Harajin nan a aikace na masu albashi ne, waɗanda ake yanke musu tun kuɗin bai iso hannunsu ba: malaman makaranta, ma'aikatan ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, mutanen Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa. Su kam sun ga ɗan canji. Sai dai wani malamin firamare a unguwarmu, mutum mai son alƙalami, ya buga lissafin mai albashin dubu ɗari a bayan kwalin sukari, ya ce abin da sabuwar dokar ta bar masa a wata bai fi kuɗin litar mai ɗaya ko biyu ba. Mai shayi ya ce, "Malam, ai ko ba komai ka ƙara ƙwai a indomi." Malam ya ce, "Ƙwan naka nawa yake yau?" Nan zancen ya mutu.

Ba wai dokar ba ta da kyau ba ne. Shugaba Tinubu ya sa mata hannu a ranar 26 ga Yunin 2025, bayan doguwar ja-in-ja da gwamnonin Arewa kan rabon kuɗin VAT. An bar VAT ɗin a kashi 7.5 cikin ɗari, an cire shi daga kan kayan abinci na yau da kullum da magani da karatu. Madalla. Amma Hajiyar da ke awon masara a kasuwa ba ta taɓa ɗora wa kowa VAT a kan mudu ba, balle ta sauke. Abin da ke hawa kan mudunta kuɗin mota ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura dubu a ƙarshen 2024. Wannan shi ne harajin da ba ya tambayar albashinka. Mai Keke ya biya, fasinja ya biya, marar lafiyar da za a kai Yola ya biya.

Sai kuma harajin igiya. Ka tambayi duk direban da ke ɗaukar shanu daga kasuwar Mubi zuwa Kudu. Kafin tirela ta wuce Hong da Gombi da Song hannunsa ya fara gajiya da shiga aljihu, ga kuma doguwar hanya a gaba har Legas ko Fatakwal. Wani shingen da rasit, wani da "a ba yara na ruwa". Duk wannan a kan sa ɗaya yake sauka: mai saye ya rage wa makiyayi a nan, mahauci ya ƙara wa mai cin nama a can. Dattawanmu suna ba da labarin yadda Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, talaka ya ji a jikinsa nan take, domin abin da aka soke shi ne wanda ake bin sa gida ana karɓa. Rangwamen da ya amsa sunansa ke nan.

To amma mu ma fa a faɗi namu. Mu ne sefa na tashi da safe, kafin azahar mun ƙara kuɗin kaya, har da yakuwar da aka tsinko a bayan gida, wadda ba ta taɓa ganin iyakar Sahuda ba. Ranar da sefa ta sauka kuwa, sai ka ji, "Alhaji, tsohon kaya ne, da tsada na saro." Tsohon kayan nan ba ya ƙarewa a Mubi. Da Gwamna Fintiri na Adamawa ya fara biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, masu gidajen haya sun riga ma'aikatan jin labari. Ɗalibi ya zo neman ɗaki, mu dube shi kamar uban nasa ne ke buga kuɗi. Sannan da yamma mu hallara a kan benci ɗaya mu yi ta tsine wa tsadar rayuwa, kowa na kallon Abuja.

Wata Inna ta ji ana ta maganar an rage haraji, ta aiki jikanta da kuɗin jiya ya sayo mata man gyaɗa. Yaro ya dawo da kwalba ba ta cika ba. Ta ce, "Kai, ba ka gaya masa gwamnati ta rage ba?" Ya ce, "Na gaya masa, Inna. Ya ce ki je gwamnatin ta auna miki."

In ana son mu ji sauƙi a nan, a kwance igiyoyin hanya, a haɗe rasit ɗin kasuwa ya zama guda ɗaya wanda kowa ya san kuɗinsa da inda yake shiga. Mu kuma 'yan kasuwa, in sefa ta sauka, don Allah a bar tsohon kayan nan ya ƙare.