Romon Tsirkiya

Tun ina ɗan sakandare, in aka sa kaset ɗin Bob Marley a shagon askin unguwarmu, abokaina muryar mawaƙin suke bi, ni kuwa wani abu ne can ƙarƙashin waƙar yake riƙe ni. Gurnani ne mai kauri da laushi, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Sai da na girma na san mai wannan aiki sunansa Aston Barrett, abin da yake kaɗawa kuma jitar bes ce mai tsirkiya huɗu. Na yi aure, na tara iyali, na shekara 15 ina koyar da labarin ƙasa a wata makaranta a Kaduna, gurnanin nan bai sake ni ba. Ranar da aka biya mu ariyas, maimakon firjin da na yi wa uwargida alkawari, sai ga ni da doguwar jaka baƙa a kafaɗa.

“Malam, firjin ke nan?”

“Firji yana nan tafe.”

“Wannan fa?”

“Jari ne.”

’Yar Kwatano ce. A kanta an rubuta suna mai kama da Fender, sai dai harafi ɗaya ya ɓace a hanya. Ta asalin, Leo Fender ne ya fito da ita a Kalifoniya a 1951, ya sa mata suna Precision Bass, ya hutar da makaɗa ɗawainiya da ƙatuwar gogen nan ta Turawa mai tsayin mutum. Tawa ta yi kama da ita yadda biri ya yi kama da mutum.

Mu huɗu muka haɗa ƙungiya a ɗakin malamai: malamin lissafi a kan ganguna, na Turanci da ƙaramar jita, na fiziks da fiyano, sai ni. Shugaban makaranta zai yi ritaya nan da sati shida, mu ne za mu yi kiɗa a walimar ban-kwana. Ranar gwaji na farko na jona jitata da amfilifaya, na murɗa kowane maɓalli har ƙarshe, tunda duka na biya kuɗinsu, na lumshe ido na ja tsirkiya. Abin da ya fito kamar ana jan kwanon sha a kan siminti. Malamin lissafi ya ajiye sandunansa ya leƙa taga, ya zaci yara ne suka kifar da kwanukan abinci.

Laifin farko na ɗora wa katako. Na shiga intanet na tarar da mutanen Amurka sun shekara da shekaru suna musu kan itacen alda da na ash, wanne ya fi daɗin murya. Na kai wa kafinta. Ya kankare fenti kaɗan a bayanta, ya shinshina, ya ce irin falankin da ake rufe bayan kabad ne. Ya ba ni shawarar maɗaci, na kuwa ji daɗi, don na karanta cewa dangin maɗaci har Turai ake kai su a yi jita. Sai dai shi da ragowar ƙyauren ƙofa ya yi mini tawa. Da na rataya ta, kafaɗar hagu ta sauka ƙasa kamar sikelin mai nama. Na kwana uku ana shafa mini man zafi. Murya kuwa kwanon nan ne dai, sai dai yanzu a kan siminti mai tsada ake jan sa.

A nan malamin fiziks ya ga dama ya buɗe baki. Ya ce garaya da gurmi cikinsu ne ke magana, fata da ƙwarya ke tura iska. Jitar lantarki ba ta da ciki. Ya nuna mini wasu baƙaƙen robobi biyu a ƙarƙashin tsirkiya ya ce ga kunnenta nan, abin da makaɗa ke kira fikof. A ciki akwai maganaɗisu da aka naɗe da zaren jan ƙarfe siriri kamar gashi, naɗi dubbai. Tsirkiyar ƙarfe ce, in ta yi rawa a kansa sai ta haifar da ’yar wutar lantarki, amfilifaya ta kumbura ta, sifika ta mai da ita ƙara. Katako yana da ta cewa, musamman kan yadda sauti ke daɗewa kafin ya mutu, amma a taron nan shi ɗan kallo ne mai ɗan tsoma baki.

“Me ya hana ka faɗa mini kafin in je wurin kafinta?”

“Ka tambaye ni?”

Tunda kunne ne, sai na nufi likitan kunne, wato wani mai gyaran rediyo da ke zama a gindin dalbejiya. Ya kwance, ya ga kunnen rabi biyu ne, ɗaya ya ɗan gota ɗaya, haɗinsu kuma a juye. Ya girgiza kai ya ce ko a kamfani akwai masu aikin ganin ido. Ya kunna dalma ya “gyara”. Ya dubi kebul ɗina ya ce kaurin banza gare shi, ya musanya mini da wayar fitila sabuwa fil, bai ma caje ni kuɗinta ba.

Daga baya na gane cewa juyin nan da gangan ne. Tun 1957 Fender ya raba kunnen biyu ya sa su gaba da juna, don gunjin da ɗaya ya tsinto daga wayoyin wutar gida ɗayan ya kashe shi. Kaurin kebul kuma saƙar ƙarfe ce a ciki, rigar da ke tare duk wani sautin da ke yawo a iska. Mutumina ya sulhunta rabi biyun, ya kuma tuɓe wa kebul riga. Da na jona a wurin gwaji, ɗakin ya ɗauki gunji kamar mun koma cikin taransifoma. Malamin fiziks ya saurara ya ce sau 50 ne a daƙiƙa, daidai bugun wutar ƙasar nan. Muna cikin haka sai wata murya ta taso daga sifika, a natse, tana sanar da ɗaurin aure ranar Asabar da ƙarfe biyu. Jitata ta kamo wani gidan rediyo. Na kai hannu zan kashe, malamin lissafi ya riƙe ni, wai ya san dangin amarya, a bari ya ji unguwa. Ban ga laifin mai gyara ba. Abin da ya iya ke nan: duk abin da aka kai masa, rediyo zai koma.

Kafin a mayar da komai yadda yake, aljihu ya yi fayau, walima saura kwana goma. Abu ɗaya ya rage ban taɓa ba, tsirkiyoyin. Sun yi baƙi, sun dushe, Allah kaɗai ya san hannu nawa suka ratsa kafin su iso Kwatano. Sabon saiti kuɗinsa ya kai cefanen sati biyu. Sai na ci karo da dabarar makaɗan da ba su da hali: a kwance tsirkiya, a naɗe, a tafasa a ruwa na ɗan lokaci, datti ya fita, ta dawo kamar sabuwa.

Ranar Juma’a da yamma uwargida ta tafi barka. Na shiga kicin na duba tukwane, duk sun yi ƙanana, sai guda ɗaya a saman kanta, babbar nan ta kayan aurenta da ba a saukowa da ita sai da Sallah. Na ɗora ruwa, na zuba tsirkiya huɗu a nannaɗe. Minti goma ruwan ya koma kalar shayi, wani kumfa mai maiƙo ya taso. Ina tsaye da ludayi ina juyawa, zuciyata fari ƙal, sai na ji sallama a tsakar gida.

Surukata ce daga Zariya, ba waya ba aike.

Na fito da sauri na durƙusa, ludayi a bayana. Muka gaisa, kaina a ƙasa. Lokacin hunturu ne, ta ce ta ga hayaƙi a kicin, bari ta ɗebi ruwan zafi ta surka na alwala. Wanda ya san tsakanin mutum da surukarsa ya san ba ni da bakin cewa “tsaya”. Ina durƙushe na ji ƙarar murfi. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji kazar maƙwabta tana tono.

“Ɗan nan.”

“Na’am, Hajiya.”

“Me ake dafawa?”

“Tsirkiya ce, Hajiya.”

“Ci za a yi?”

“A’a. Don murya ta fito ne.”

“Muryar wa?”

Na rasa ta cewa. Ta mayar da murfin a hankali, kamar mai gudun kada abin da ke ciki ya farka, ta fito da baya tana karanto addu’o’i. Da ruwan sanyi ta yi alwalar. Cikin dare ina jiyo su ta bango tana tambayar ’yarta tun yaushe na fara, ko ina magana ni kaɗai, ko akwai wanda na saɓa da shi a wurin aiki. Uwargida, Allah ya saka mata, ta ce tun ranar da na shigo da baƙar jaka ne. Bayan kwana biyu aka aiko da gorar rubutu daga Zariya, a sha safe da yamma. Na shanye tas, don ba a mayar wa suruka da hannu. Tukunyar kuwa aka yanke mata hukuncin ba za ta ƙara ganin abinci ba, yanzu kaji ke shan ruwa a ciki. Saitin tukwanen da na saya na fansa ya ninka kuɗin sabuwar tsirkiya sau uku.

Dabarar ta yi aiki, abin haushin ke nan. Tsirkiyoyin suka fito suna ƙyalli, muryarsu ta ƙara kaifi. Kwanon sha ya koma farantin tangaran.

Ranar walima muna gwada kaya a babban ɗakin taro, Baba maigadi ya jingina da ƙofa yana kallo. Sati shida yana buɗe mana get, bai taɓa cewa uffan ba. Ya matso ya ce, “Malam, ara mini ita.” Ashe a shekarun 1970 shi ne mai bes na wata ƙungiya da ke kiɗa a otal-otal na Jos.

Bai fara da jitar ba. Sifikar ya jawo daga lungun da na cusa ta, ya ce lungu kumbura sautin ƙasa yake har ya zama kunu. Sannan ya kama maɓallin da na ƙure tun ranar farko ya mayar da shi baya, ya ce aikinsa zubar da tsinin murya. Ya nuna mini inda nake ja, daf da jaki, inda tsirkiya ta fi tauri, da farce kuma. Shi ya kai hannunsa kusa da wuya, inda take lilo sosai, ya taɓa ta da tsokar yatsa. Ya zaro ’yar wuƙa ya yanko soso daga tsohuwar katifar bencinsa, ya cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin jikin jaki. Ya ja ta sama, mai kaurin.

Gilasan taga suka amsa. Abin nan na shagon aski ya taso ta tafin ƙafata ya zauna a ƙirji. Malamin fiziks ya fara bayanin cewa wannan tsirkiya sau 41 take rawa a daƙiƙa, ba wanda ya juya ya kalle shi. Minti huɗu aikin ya ɗauka, ko kwabo ba a kashe ba.

Baba ya shafa tsirkiyar da babban yatsa ya yamutsa fuska. Ya ce iri biyu ne. Akwai mai santsi kamar an goge, ita ce ta mutanen da, irin su James Jamerson na Motown a Detroit, wanda ke kiɗa da yatsa ɗaya, da soso a gindin jaki, ba ya kuma canza tsirkiya sai ta tsinke. Akwai mai kaushi irin tawa, wadda kamfanin Rotosound na Ingila ya yi a 1966 tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, mutumin da ke son bes ta yi ƙara tar kamar fiyano. Mai kaushi, in gumi da maiƙon hannu suka cike ramukanta, kaifin ya kwanta, sai ta fara kusantar muryar da nake nema.

“Taka ta cika sabunta,” in ji shi. “Ka ba ta shekara biyu.”

“Tsohuwa ce, Baba. Dafa ta na yi.”

Ya dube ni. Ya dubi malamin lissafi, ya ga ba wasa ba ne.

“Romon fa?”

“Na zubar a kwata.”

“Kai, Malam! Gumin wani bawan Allah na shekara da shekaru, shi ne abin da kake ta yawon nema wurin kafinta. Ka dafa nama, ka zubar da romo, ka kawo mana ƙashi. Ɗan Maraya da gwangwani da tsirkiya ɗaya ya tara jama’a, ka taɓa jin ya ɗora kuntiginsa a murhu?”

Walima ta yi kyau. Shugaba ya taka rawa, mataimakinsa ya manna mini ɗari biyu a goshi. Uwargida ta ɗauki bidiyo da wayarta, ta ce za ta tura Zariya don a wanke ni. Sai dai sifikar waya ba ta fi ƙwayar wake ba, ba ta da ƙirjin da za ta fitar da sautin ƙasa. A bidiyon ana jin ganguna, ana jin fiyano, ana jin tafi. Ni kuwa ga ni nan a gefe, kafaɗa ɗaya a karkace, ido a lumshe, ina gumi ina gyaɗa kai, yatsu na ta aiki, ko ƙis ba ya fita.

Hajiya ta kalla sau biyu, sannan ta bugo wa ’yarta. Ina zaune kusa, na ji komai.

“Alhamdu lillahi, rubutun ya karɓe shi. Ga abin nan a hannunsa, amma ya daina kuka.”

Washegari direban motar Zariya ya kawo gora ta biyu, wai don kada ya dawo.